Dashen Ƙoda: Hoton da ke Hango Tabo Kafin Jini ya Nuna

Abin da ke damuna game da kula da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda shi ne har gobe gwajin kiriyatinin na jini ake dogaro da shi. Gwajin nan kuwa makararre ne: ƙoda kan iya rasa kusan rabin ƙarfinta kafin lambarsa ta wuce ƙa'ida. In ta hau, sai a sa allura a tsakuro ɗan naman ƙodar, aikin da kan jawo zubar jini, kuma ba ya ba da labarin ko'ina sai inda allurar ta taɓa.

Shi ya sa likitoci a Turai suka karkata ga wani nau'in hoton MRI mai auna yadda ruwa ke yawo cikin nama. Idan ƙoda lafiya lau take, ruwa na kai-kawo a sake. Da zarar tabo ya fara cin ta, hanyar ruwan sai ta ƙuntata, lambar da ake kira ADC ta sauka. Ba a buƙatar allurar gadoliniyam, wadda tun 2006 aka danganta da wata muguwar cutar taurin fata ga masu raunin ƙoda. Wani abin sa'a kuma, a ƙasan ciki ake dasa ƙodar, nesa da motsin numfashi, don haka hoton kan fito tas.

Masu bincike a asibitin jami'ar Janiba da ke Suwizalan sun nuna cewa bambancin ADC tsakanin ɓawon ƙoda da cikinta yana tafiya da yawan tabon da aka gani a naman da aka tsakuro. A 2022 kuma suka nuna yana iya hasashen ƙodar da aikinta zai ja baya.

Masu ja suna da ɗan abin faɗa. Ko garkuwar jiki ce ke yaƙar ƙodar, ko maganin takrolimus da ake ba masu dashe ne ya yi mata illa, hoton bai iya rarrabewa sosai. Amma ni a ganina babban cikas shi ne saiti: kowane asibiti da nasa, lambar wannan na'ura ba ta zama daidai da ta waccan. Sai a 2020 ƙwararrun ƙungiyar PARENCHIMA suka fitar da ƙa'idoji na bai-ɗaya.

Cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ke dashen ƙoda tun 2002, ya kamata su shiga wannan bincike. Allura ba za ta kau ba, amma hoton zai iya tantance wanda ke buƙatarta da gaske.