Dodon koɗi a ƙasar duwatsu: abin da katantanwa ke faɗa game da ruwan Ayar

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a kudancin ƙasar nan, wajen Maradi, Doso ko Gaya, ya san katantanwa. Da zarar damina ta kankama, sai ka ga dodon koɗi ya fito daga ƙarƙashin ciyawa yana jan ciki a kan danshi, yara kuma su tsinci kwasfarsa su yi ta murza ta a kan rairayi. A Cirozerin labarin daban ne. Yaro na iya girma a nan bai taɓa ganin babban dodon koɗi da ransa ba, tun da matsakaicin ruwan da ke sauka a wannan yanki na Agadas bai kai milimita 200 ba a shekara. To amma ƴan kwanakin nan dabbar ta shigo mana ta wata ƙofa: hotunan bidiyo a Facebook da WhatsApp da ke tallar kiwon dodon koɗi a matsayin sana'ar da ke kawo kuɗi ba wahala. Kafin wani mai garka ya zuba jarinsa, ya kamata a san ko wace ce wannan dabba.

Masana ilimin halittu suna jera dabbobi kamar yadda ake jera asalin mutum, daga ƙabila zuwa zuriya, daga zuriya zuwa gida. Dodon koɗi yana cikin babbar ƙabilar dabbobi masu taushin jiki marasa ƙashi, tare da makankarin da ake samu a gulbi. Wurin nan ma da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Nasara, kwasfar wani dodon koɗi ne na teku, mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Daga cikin na tudu, gidan da ya fi shafarmu shi ne wanda ake kira Achatinidae. Wani masani ɗan Ingila, William Swainson, shi ya raɗa masa sunan a 1840, daga kalmar Girkanci ta dutsen nan mai zane-zane da ake yin tsakiya da shi, saboda kwasfarsu tana da ratsi-ratsi irin nasa. Afirka ce tushen wannan gida.

Manyan gidan su ne ake gani a bidiyo. Akwai Achatina achatina na dazuzzukan Gana, Kodebuwa da Saliyo, wanda ya fi kowane dodon koɗi na tudu girma a duniya: wani da aka kama a Saliyo a 1976 nauyinsa ya kai giram 900, kwasfarsa kuma ta haura santimita 27. Akwai Archachatina marginata na kudancin Najeriya, Benin da Kamaru, wanda ake sayarwa a kasuwannin Ikko da Kwatano. Ana gane shi da dakusasshen tsinin kwasfarsa, ga shi ƙwansa ƴan kaɗan ne a zubi ɗaya amma manya, kamar na ƙaramin tsuntsu, alhali na Gana yakan zuba ƙanana ɗari da wani abu ko fiye. Na ukun shi ne Lissachatina fulica na gabashin Afirka, za mu dawo kansa.

Namu na Sahel sunansa Limicolaria, tsawon kwasfarsa kamar yatsa, mai tsini, da ratsin ƙasa-ƙasa. Wanda aka fi sani cikinsu shi ne Limicolaria kambeul, sunan da ya samo asali daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Senegal ya kuma wallafa littafi kan kwasfofin ƙasar a 1757. Akwai kuma wani ɗan ƙanƙanin dangi, Zootecus insularis, fari, dogo kamar ƙwayar shinkafa mai kauri, tsawonsa wajen santimita ɗaya, wanda ke rayuwa a busassun ƙasashe tun daga tsibiran Kap Ber, ya ratsa Sahara da ƙasar Larabawa har Indiya. A da masana sun ware shi da ƴan uwansa ƙanana a wani gida na daban, sai binciken ƙwayoyin gado ya nuna jininsu ɗaya da manyan, shi ya sa jerin da aka fitar a 2017 ya haɗe su wuri guda. Ƙaton da ya kusa kilo ɗaya da wannan da ba ka ganinsa sai ka duƙa, gida ɗaya suka fito.

Jikin dodon koɗi abin mamaki ne ga wanda ya tsaya ya duba. Da huhu yake numfashi, ta wata ƴar kafa da ke buɗewa tana rufewa a gefen bakin kwasfa. Ƙahonninsa huɗu ne: biyu dogaye a sama, a kan tsininsu idanunsa suke, biyu gajeru a ƙasa don shinshina da lalube. A bakinsa akwai wani harshe mai dubban ƙananan haƙora a jere, da shi yake kankare ganye kamar yadda maƙeri ke goga ƙarfe da magagari. Kowane ɗaya kuma namiji ne mace ce a lokaci guda. Sukan haɗu biyu-biyu, kowanne ya ba ɗan uwansa iri, kowanne ya je ya tona ƙasa mai laima ya zuba ƙwai. Kwasfar da yake ɗauke da ita da sinadarin alli ya gina ta, don haka ne ake ganinsa yana lasar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, ko yana kankarar tsohon ƙashi.

Babban abokin gabarsa bushewa ce. Yana tafiya a kan yauƙin da jikinsa ke fitarwa, yauƙin nan kuwa kusan dukansa ruwa ne, ke nan kowane taƙi da ya ci ruwan jikinsa ya biya. Shi ya sa da dare yake fita, ko bayan an ɗauke ruwa. Idan rani ya shigo sai ya shige ƙasa ko ƙarƙashin dutse, ya janye jikinsa can cikin kwasfa, ya toshe bakinta da wani murfi na yauƙi da alli wanda ke bushewa ya yi tauri. Bugun zuciyarsa ya ragu, numfashinsa ya ragu, ya zauna haka wata da watanni yana jiran ruwa. Akwai sanannen labari a kan wannan haƙuri. A watan Maris na 1846 ma'aikatan gidan tarihi na Landan suka liƙa wani dodon koɗi na hamadar Masar a kan kwali, da zaton kwasfa ce kawai. Sai a Maris na 1850 aka lura ya sake sabon murfi, aka sa shi a ruwan ɗumi, ya fito da kansa. Shekara huɗu ba ci ba sha. Wancan ba ɗan gidan Achatinidae ba ne, amma dabarar iri ɗaya ce.

Sai dai haƙurin yana da iyaka, kuma a nan ne katantanwa ta zama mai ba da shaida. Limicolaria yana buƙatar damina mai tsawon da zai ci, ya yi ƙwai, ƴaƴan su yi ƙwarin da za su jure rani na gaba. Inda ruwa ya gaza haka, zuriyar ta ƙare. Duk da haka an tsinci tsofaffin kwasfofinsa, farare fat, a wurare da dama na tsakiyar Sahara inda yau ko ciyawa ba ta tsirowa. Wani nau'insa ma sunan René Chudeau yake ɗauke da shi, masanin duwatsun nan da ya ratsa Ayar a farkon ƙarnin da ya wuce. A 1987 wasu masana biyu na Amurka, Vance Haynes da Albert Mead, suka auna shekarun irin waɗannan kwasfofi daga arewa maso yammacin Sudan, suka tarar sun kai wajen shekara 6000, suka kuma kwatanta da inda dabbar ke rayuwa a yau, suka ce lallai a lokacin ana samun ruwan da bai gaza milimita 300 ba a wurin. Dodon koɗi ba ya ƙaura kamar barewa ko tsuntsu. Inda ka ga kwasfarsa, in ba ruwa ko mutum ne ya kawo ta ba, nan ya rayu nan ya mutu.

Mu a nan ba baƙin wannan labari ba ne. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, kan hanyar Arlit, babban cikinsu ya haura mita 5, ba a mafarki masu sassaƙar suka gan su ba. A Gobero, cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan dorina, kada da manyan kifaye a bakin wani tafki da ya ƙafe dubban shekaru. Kwasfar dodon koɗi tana ƙara wani abu da zanen dutse bai iya bayarwa: tana ba da lissafi. Saboda haka makiyayi ko ma'aikacin SONICHAR da ya tsinci tarin irinsu a daji, ya fi kyau ya ɗauki hoto ya riƙe sunan wurin, ya bar su inda suke. Kwasfar da aka raba da ƙasarta ta zama kayan wasan yara kurum.

Mu koma ga batun kiwo. A kudu sana'a ce ta gaske, domin akwai masu ci, akwai laima, akwai ganye kyauta. Ko a fiƙihun Malikiyya an yi maganar cinsa, inda aka kwatanta hukuncinsa da na fara, wannan kuwa fagen malamai ne. Amma kasuwa ba fatawa take bi ba, al'ada take bi, kuma mutanenmu ba su saba da shi ba a tukunya. Sannan waɗannan manya na kurmi suna son iska mai laima sosai da inuwa dare da rana. A garin da iskar bazara ke busar da wanki kafin ka gama shanya, sai an yi ta yayyafa ruwan da aka jawo da famfo da man fetur. In aka yi sakaci kwana kaɗan, su rufe bakinsu su daina girma, ko su mutu. A ganina wanda ke da wannan ruwa gara ya ba albasarsa da tumatirinsa.

Akwai kuma haɗarin da masu talla ba sa faɗa. Lissachatina fulica, wanda ya fi sauƙin kiwo, yana cikin dabbobin da suka fi ɓarna a duniya idan aka kai su inda ba nasu ba. Yana cin tsiro sama da iri 500. A 1966 wani yaro ya shigo da guda uku birnin Mayami na Amurka daga Hawai, aka sake su a lambun gida. Sai da hukuma ta yi kusan shekara goma tana yaƙi, ta kashe sama da dalar Amurka miliyan ɗaya, kafin ta ga bayansu, kuma a 2011 suka sake ɓulla. Birazil ta shigo da shi don kiwo a shekarun 1980, kasuwa ta ƙi, masu kiwo suka watsar, yau ya bazu a kusan duk faɗin ƙasar. Hamadarmu za ta kashe wanda ya tsere cikin duwatsu, gaskiya ne. Garkar bakin korama da ake ba ruwa kullum, ga inuwar dabino ga salati, wannan kuma wani zance ne. Ƙari ga haka yana iya ɗaukar wata tsutsa ta ɓeraye da ke haddasa wa mutum kumburin rigar ƙwaƙwalwa idan an ci shi bai dahu ba, ko an ci ɗanyen ganyen da ya bi ta kai ba a wanke ba.

Abu ɗaya da ake yawan ruɗewa a kai: dodon koɗin tudu ba shi ke kawo tsargiya ba. Mai wannan aiki wani ƙarami ne na cikin ruwa, Bulinus, daga wani gida dabam, wanda ke zaune a tafkuna, gulabe da ruwan da ke kwanciya a kwarin duwatsu. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wannan dodon koɗi ya hayayyafa, daga nan ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Nijar ta fara rarraba maganin cutar ga ƴan makaranta tun 2004, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa likita za a kai shi, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka.

Bambance su ba wuya. Ka riƙe kwasfar, tsininta sama, bakinta yana kallonka. Idan bakin yana hannunka na dama, ga ta doguwa mai kauri, ta tudu ce irin ta Limicolaria. Idan ƙarama ce, ba ta fi ƙwayar wake ba, mai laushi, bakin kuma yana hagu, kuma a gefen ruwa ka same ta, to a hana yara shiga wannan ruwa, a sanar da ma'aikatan kiwon lafiya na gari.