React, Vue ko Svelte: Da Wanne Za a Gina Shafin Intanet?

Idan ka latsa maɓalli a shafi ya amsa nan take ba tare da ya sake buɗewa ba, yawanci harshen JavaScript ne ke aiki a ƙarƙashi. Rubuta komai daga tushe jan aiki ne, shi ya sa masu gina manhaja suke ɗaukar kayan da wasu suka riga suka haɗa.

React, wanda Facebook ya fitar a 2013, shi ya fi jama'a. Yakan raba shafi gida-gida, in bayani ya canza sai ya sabunta gidan da abin ya shafa kawai. Sai dai bai cika shi kaɗai ba, ko hanyar zirga-zirga tsakanin shafuka sai ka nemo a wani wuri. Angular na Google ya zo da komai a haɗe, amma dole ka koyi harshen TypeScript, kuma ya yi wa ƙaramin aiki nauyi. Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014, ya fi daɗin koyo.

Svelte, wanda Rich Harris ya fitar a 2016, ya bi wata hanya dabam: tun kafin a ɗora shafin yake mayar da rubutunka ƙaramin JavaScript, don haka abin da waya za ta sauke ba yawa. Mai ƙaramar wayar Android, wanda ke lissafin data, shi ke cin wannan moriyar.

Mai neman aiki a kamfani ya fara da React. Wanda kuwa zai gina shafi don masu raunin intanet, ya gwada Svelte a kan waya mai araha kafin ya yanke shawara.