Malamin Turanci na sa kai: mai shekara biyu da mai mako biyu

A ƙarshen watan Agustan 1961 ne wasu matasa Amurkawa kimanin hamsin suka sauka a filin jirgin saman Akara. Su ne rukunin farko na ƙungiyar Peace Corps da suka fara aiki a wata ƙasa, watanni kaɗan bayan Shugaba John Kennedy ya kafa ta, kuma makarantun sakandare aka rarraba su a zamanin mulkin Kwame Nkrumah. Tun daga lokacin, baƙon malami mai aikin sa kai ya zama sanannen abu a yankinmu, tun ba ma a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ba, inda Turanci darasi ne da ake nema ruwa a jallo.

Peace Corps ta shiga Togo da Kamaru da Nijar a 1962, ta shiga Benin a 1968. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. Ruwanda ta mayar da Turanci harshen koyarwa a 2008, Togo da Gabon kuma sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Lome da Aflao ma ba sai an faɗa masa amfanin harshen ba. To, amma shin duk wanda ya sauko daga jirgi yana jin Turanci ya zama malami ke nan?

Yadda tsarin dogon zango yake

Mai aikin Peace Corps yakan yi wata 27 a ƙasar da aka tura shi. Wajen wata uku na farko horo ne: yana zaune a gidan mutanen gari, yana cin abin da suke ci, yana koyon harshensu da dabarun koyarwa. Sannan a kai shi makaranta, galibi a ƙauye ko ƙaramin gari, a haɗa shi da malamin wurin su yi aiki tare har shekara biyu.

Ajin da zai tarar ba na wasa ba ne. Yara cike maƙil, littattafai kaɗan, sai allo da alli. Yaron da ke gabansa a Togo yana jin Ewe ko Kabiye ko Kotokoli ko Hausa a gida, yana karatu da Faransanci, in Musulmi ne da yamma yana makarantar allo. Turanci shi ne harshe na uku ko na huɗu da ake ɗora masa, kuma akwai jarrabawar BEPC tana jiran sa a ƙarshen aji huɗu na gaba da firamare. Malamin da ya zauna shekara biyu yakan san wane yaro ne ke kunyar buɗe baki, wane ne ke fashi ranar kasuwa, wace yarinya ce ake shirin cirewa daga makaranta.

Shi ma wannan tsarin yana da rauninsa: baƙo dai baƙo ne, rana ɗaya ake kwashe shi. A Janairun 2011 aka janye ma'aikatan ƙungiyar daga Nijar saboda matsalar tsaro, a Maris na 2020 kuma aka kwashe kusan 7,000 daga ko'ina a duniya saboda annobar korona. Inda aka tsira da wani abu shi ne inda baƙon ya bar wa abokin aikinsa dabara da kayan koyarwa.

Masu zuwa su wuce

Akwai wani nau'in da ya bunƙasa da zuwan intanet. Kamfani ne zai tallata wa matashi a Turai ko Amurka tafiyar mako biyu ko wata guda zuwa Afirka, ya biya kuɗi masu kauri, a haɗa masa da yawon buɗe ido. Sau da yawa ba a tambayar sa takardar koyarwa. Wannan ya zo ya koyar da gaisuwa da sunayen launuka, ya ɗauki hotuna, ya tafi. Na bayansa ya zo ya sake farawa daga gaisuwa da launuka. Shekara ta ƙare, yara sun iya waƙoƙi biyar amma ba sa iya haɗa jimla ɗaya. Malamin aji kuma an ci masa lokacin da zai kammala manhaja.

Abin ya fi muni a gidajen marayu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, wani lokacin ma masu gidan ne ke nemo su domin a samu abin nuna wa baƙi masu kawo kuɗi. Ostireliya ta yi doka a 2018 wadda ta sanya wannan cikin nau'o'in bautar zamani, kuma a Disambar 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su magance cutarwar da aikin sa kai a gidajen marayu ke jawowa. Yaro ƙarami ya shaƙu da mutum, bayan kwana goma sha huɗu a raba su, a kawo wani. Wannan ba gata ba ne.

Abin da ya kamata iyaye su tambaya

Idan aka kawo baƙon malami makarantar unguwa, ba rashin kunya ba ne a yi tambaya. Wace ƙungiya ce ta turo shi, kuma hukumar ilimi ta san da zuwansa? Wata nawa zai yi? An binciki halinsa a ƙasarsu kafin a damƙa masa yara? Malamin aji yana nan tare da shi, ko an bar shi shi kaɗai? Ina ake kai hotunan yaran? Sai batun addini, wanda ke damun iyaye da yawa a zango. Peace Corps ta haramta wa ma'aikatanta yin wa'azi, amma akwai ƙungiyoyin da ke haɗa darasin Turanci da kiran addininsu. A tambaya tun farko, a ji amsa ƙarara, ya fi a zauna ana zargi.

Mu ma fa muna da abin bayarwa

Ba dole sai Bature ba. Najeriya ta kafa shirin Technical Aid Corps a 1987, tana tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da nata shirin matasa masu aikin sa kai a 2010.

Matashin Nima ko zangon Kumasi ko Tamale da ya yi karatun koyarwa yana da abin da baƙon nesa ba shi da shi. In ya je zangon Lome ko na Kwatano, da Hausa zai yi wa yaro bayani, da ita zai gaisa da uwarsa. Ya san Bahaushe kan rikita sautin p da f, har pan ya koma fan, don haka ya san inda zai tsaya. Ya san bambance he da she ba zai ba yaron wuya ba, tunda yana da shi da ita a harshensa, saɓanin mai jin Ewe ko Twi. Zai iya nuna masa cewa bokiti da tebur da fensir duk daga Turanci suka zo, yaron ya ga ashe ba daga sifili zai fara ba.

Sai dai sharaɗin ɗaya ne ga kowa: a samu horo, a bi ta ƙungiya mai rajista, a ɗan koyi Faransanci domin hulɗa da hukumar makaranta, a kuma yi niyyar zama aƙalla shekarar karatu guda. Wanda aka ce ya turo kuɗi ta waya domin a nema masa gurbi a waje, ya binciki ƙungiyar a ofishinta kafin ya saki ko sisi.