Shanun Birnin Kudu Marasa Tozo

Mai tafiya daga Kano zuwa Bauchi ta hanyar Ningi ba ya rasa wurin tsayawa, amma yawancin tsayuwar ta ciki ce ko ta salla. A Wudil akan tsaya don kifi, ran Juma'a kuma kara ta cika ta batse, motocin shanu su tsayar da kai ko ba ka yi niyya ba. Daga nan sai gudu. Direba na son ya isa kafin magariba, fasinjoji kowa ya duƙufa kan wayarsa, garuruwa na wucewa ta taga ba mai tambayar abin da ke cikinsu. Birnin Kudu, a jihar Jigawa, na cikin garuruwan da ake yi wa irin wannan wucewa, alhali a gefen garin akwai duwatsun da mutanen da can suka yi wa zane, zanen kuma yana nan har yau.

Ƙaramin abu ne ya sa na roƙi abokan tafiyata mu ratse. An ce mini shanun da aka zana a wurin ba su da tozo, ni kuwa tun tasowata ban san sa ba sai da tozonsa.

Wani magidanci da gonarsa ke kusa ya amsa sallamarmu, ya ajiye laujensa ya shige gaba. Duwatsun manya ne, wani ya hau kan wani sun yi rumfa, kowanne da sunansa: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. Sai ka sunkuya ka shiga inuwar, ka ɗan jira ido ya saba, sannan su fara fitowa a jikin dutse, jajaye launin jar ƙasa, wasu da ɗan fari. Ga saniya da dogayen ƙahoni, gadon bayanta a miƙe tun daga wuya har gindin wutsiya. Ga wata gajera mai guntun ƙaho. Wanda ya zana su ya san shanu ƙwarai, ba ganin nesa ya yi musu ba.

A tsakiyar shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen Ingilan nan da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya rubuta labarin wannan zane. A nan Birnin Kudu ne kuma, a 1955, ya fara yin bayani kan duwatsu masu amo, waɗanda daga baya aka gano irinsu a wurare da dama na Najeriya. Jagoranmu ya ɗauki wani ɗan dutse ya ƙwanƙwasa gefen wani falale inda duka ya riga ya yi gurbi mai santsi. Amon ya fito tas kamar na kuge. Ya matsa kaɗan ya sake bugawa, murya ta canza. Gurbin nan ba hannu ɗaya ya yi shi ba, ba kuma zamani ɗaya ba.

Batun tozo kuwa, masana sun ce shanu marasa tozo su suka riga masu tozo zama a wannan yanki na Afirka. Jinsinsu bai ƙare ba. Akwai muturu, 'yan gajeru masu jure cutar sammore da ƙudan tsando ke kawowa, shi ya sa suka fi yawa a kudu. Akwai kuri na bakin Tafkin Chadi masu kaurin ƙaho. Bunaji da rahaji da gudali da suka cika kara a yau, zuwan baya ne.

Muna cikin haka wani dattijon Bafulatani ya zo neman inuwa, sandarsa a kafaɗa, shanunsa 'yan kaɗan na kiwo can ƙasa tare da wani yaro. Bayan gaisuwa na nuna masa saniyar jikin dutse, na tambaye shi ko ya san irinta. Ya daɗe yana kallo, har ya sa yatsa yana bin layin bayanta ba tare da ya taɓa ba.

"Malam, wannan ba tamu ba ce," in ji shi. "Amma dubi cikinta. Ta ƙoshi. Mai ita bai sha wahalar ciyawa ba."

Daga nan zance ya bar dutse. Ya ce tun yana yaro yake bin mahaifinsa ta wannan yanki, lokacin burtali na da faɗin da garke zai wuce ba a taɓa shukar kowa ba. Da kaka, manomi da kansa yake zuwa ruga ya roƙa a kwana masa a gona don taki, ya haɗa da damin gero, matan ruga su kai nono gari su dawo da hatsi. Yanzu burtali ya tsuke, wani wurin ya ɓace gaba ɗaya cikin gonaki. Fadamar da suke shayarwa da rani ta zama lambu, injin ban ruwa na ta kuka a bakinta. Karan dawa da harawar da ake bari a gona, yau tattarawa ake yi a ɗora kan bishiya ko rufin ɗaki, sai da kuɗi.

"Baffa, garken ke nan duka?" na tambaye shi.

Ya girgiza kai. Ya ce saura ne. Wasu cuta ta ɗauke, wasu an kora da dare a wani daji da bai so ya ambaci sunansa ba, wasu kuma shi ya sayar da hannunsa don ya saya wa sauran dusa. Abin da ya fi ci masa rai, 'ya'yansa maza biyu suna birni, ɗaya na acaba, ɗaya na gadi. Bai ga laifinsu ba. "Da me zan riƙe su? Yaro ya ga ubansa na sayar da saniya don ya ciyar da saniya." Jikan nan da ke ƙasa shi kaɗai ya rage mai sanin sunan kowace saniya, kuma shi ma uwarsa na so a sa shi makaranta. Dattijon ya ce ya yarda, bayan damina mai zuwa.

Jagoranmu bai katse shi ba har ya gama. Sannan ya ce, cikin ladabi, shi ma yana da nasa. Gonar da kakansa ya noma shi kaɗai, yau gida bakwai ke ci a cikinta. Ƙasa ta gaji, takin zamani ya yi tsada, in bai sayar da kara da harawa ba, ba ya iya fita bashin damina. "Baffa, wallahi ba rowa ba ce. Ni ma ina tuna lokacin da babanmu ke aike na ruga da goro." Ban ji ƙarya a bakin ko ɗayansu ba, kuma abin ya dame ni, domin mutum biyun nan kowa na buƙatar abin da ke hannun ɗan'uwansa: ɗaya na da taki ba ciyawa, ɗaya na da kara gonarsa na neman taki.

Abokan tafiyata sun fara yi mini ishara da agogo, Ningi da sauran tafiya. Kafin in miƙe, dattijon ya nuna tarin karan da ke gefen gonar ya tambayi kuɗinsa. Manomin ya faɗa, dattijon ya yi tayi ƙasa da rabi, manomin ya ce albarka. Sai manomin ya ce to a bar maganar kuɗi: shanun su kwana masa bakwai a gona, su ci rabin karan. Dattijon ya ce kwana biyar, kara duka. Har muka sauko ba su daidaita ba, amma sun riga sun aiki yaron ya koro shanun zuwa bakin gonar.