Cin Amanar Aure: Me Ya Sa Mace Kaɗai Ke Ɗaukar Kayan?

Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sai an yi musu dogon bayani kan shari'ar Amina Lawal ba, don a shiyyarsu ta Funtuwa aka yi ta. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa wannan bazawara 'yar Kurami hukuncin jefewa, saboda ta haihu ba aure. Mutumin da ta ce shi ya yi mata cikin kuwa ya rantse da Alƙur'ani, babu shaidu huɗu, ya kama gabansa. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Sai a ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta. Cikin hujjojin har da batun kwantaccen ciki, wanda mazhabar Malikiyya ta yarda yana iya shekaru, da kuma 'yancinta na janye iƙirari.

Addini bai bambanta ba. Suratun Nur ta haɗa mazinaciya da mazinaci a hukunci guda. Al'ada ce ta raba su. Magidanci ya tafi cirani Legas ko Abuja, ya ajiye dadiro, ya dawo wa iyalinsa da ciwon sanyi ko abin da ya fi shi muni, sai ka ji ana cewa ai namiji ne. Idan matar ta yi yaji, iyayenta za su mayar da ita da kalma ɗaya: haƙuri. Da ita aka kama da saƙon wani a waya, kafin la'asar takardarta na hannunta, kuma tabon zai bi 'ya'yanta mata har ranar da za a zo neman aurensu. Wanda ya tsare kansa, yake shawara da matarsa, shi ne abin tsokana a majalisa, wai mijin-ta-ce.

Ba mu kaɗai ba ne. Koriya ta Kudu, wadda matasanmu ke kallon finafinanta a fassarar Hausa, ta daɗe kan tsarin hoju, inda doka ke rubuta namiji a matsayin shugaban gida, ɗa yana gaba da uwarsa wajen gadon muƙamin. A 2008 aka daina aiki da shi. Tun 1953 suna da dokar ɗaurin da ya kai shekara 2 ga ma'auracin da ya ci amana, mace ko namiji, har kotun tsarin mulkinsu ta soke ta a Fabrairun 2015. Ba cewa nake mu bi sahunsu ba, tafarkinmu daban. Abin lura shi ne sai da suka taɓa matsayin namiji a gida, domin hukunci kaɗai bai gyara zama ba.

Wasu kan ce ƙarin aure ne maganin cin amanar maza. Amma mai mata huɗu ma ana ganinsa a inda bai dace ba, idan babu tsoron Allah.

Don haka malamanmu masu wa'azin Juma'a da na ɗaurin aure, ku raba nasihar nan daidai. Iyaye kuma, yadda kuke zaunar da amarya ku yi mata faɗa daren kai ta, ku zaunar da ango shi ma.