Asirin Maɓallan Garmaho Mai Cin Kwabo

Yau za mu leƙa Amurka mu duba wani akwatin kiɗa da ya yi zamani a gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, watau garmaho mai cin kwabo, wanda Turawa ke ce wa jukbos. Mutum zai jefa kuɗi, ya danna maɓalli, akwati ya zaɓo faifai da kansa ya sa masa waƙar da yake so. Masu kallo sun fi kula da fitilunsa masu launi, amma wayon maƙeransa a jikin maɓallan nan yake.

Na farkonsu, wanda Louis Glass ya kafa a San Faransisko cikin 1889, ba shi da zaɓi ko kaɗan, waƙa ɗaya ce tak. Da aka ci gaba, sai aka ba kowace waƙa maɓallinta. Haka shahararren akwatin nan Wurlitzer 1015 na 1946 yake: faifai 24, maɓalli 24, kowane da 'yar takardar sunan waƙa a kusa da shi. Ko baƙon da ya sauka yau ba ya bukatar mai koya masa.

To, amma wannan tsari yana da iyaka. In ana son waƙa 100, sai an jera maɓalli 100, ga tarin wayoyi a baya, ga wahalar gyara. Kamfanin Seeburg na Shikago ne ya warware matsalar a ƙarshen 1948 da akwatinsa M100A, mai ɗaukar faifai 50 a tsaitsaye, yana buga kowane gaba da baya, watau waƙa 100 ke nan. Maɓallansa kuwa 20 ne kacal: goma na haruffa, goma na lambobi. Ka danna harafi ɗaya da lamba ɗaya, misali C da 7, shi ke nan. Goma sau goma ɗari. Duk wanda ya taɓa neman rumfa a babbar kasuwa ya san dabarar, ka fara samun layi, sa'an nan ka bi lamba.

In kun lura da haruffan, daga A zuwa K suke, amma babu I, don kada a ɗauke ta lamba 1. A 1955 da kamfanin ya fito da V200 mai waƙa 200, sai ya ƙara haruffa suka kai 20, daga A zuwa V, aka tsallake I da O, domin ita ma O ta yi kama da sifiri. Abin kamar ƙarami ne, amma a wuri mai duhu da hayaniya, kuskuren ido ɗaya asarar kuɗin mutum ne, sa'an nan ga rigima da mai gida.

Har ila yau akwai sakata a bayan maɓallan. Kafin a jefa kuɗi, ko ka danna ba abin da zai faru. Da kuɗi ya faɗa, sai fitila ta kama, maganaɗisun lantarki ya ja sakatar. Daga nan in ka danna harafi sai ya maƙale a ciki yana jiran lamba, don ka ga abin da ka zaɓa da idonka. Da ka danna lambar, akwati ya ɗauki saƙo, ya cire kuɗin waƙa ɗaya, maɓallan biyu su yi tsalle su dawo.

Yaya akwati ke tuna abin da aka zaɓa? A tsofaffin, kowace waƙa tana da 'yar ƙusa da lantarki ke turawa. Keken da ke ɗauke da allura yana bin jerin faya-fayai, in ya tarar da ƙusar da aka tura sai ya tsaya ya buga, ya mayar da ita wurinta. A V200 an sauya ƙusoshin da ƙananan zobba na maganaɗisu, irin waɗanda kwamfutocin wancan lokaci ke ajiye bayani da su. Wannan tsari ya haifar da abu biyu. Na ɗaya, akwati ba ya bin layin wanda ya riga biya, jerin faya-fayai yake bi. Na biyu, in mutum uku suka zaɓi waƙa guda kafin a kai gare ta, sau ɗaya za ta buga, kuɗin ukun kuwa duk ya shiga asusu. Kowa ya ji waƙarsa ya tafi da murna, mai akwati ya fi kowa dariya.

Kada mu manta da ƙananan akwatunan bango da ake kafawa a kowane tebur, masu shafuka da ake juyawa kamar littafi. Su ma harafi da lamba ne, suna aika saƙo ta waya da ɗan bugun lantarki a jere, kamar tarho mai juyawa, babban akwati yana ƙirgawa.

Wannan dabara ta sa Seeburg ya sha gaban Wurlitzer a kasuwa, ala tilas sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga baya, cikin shekarun 1970, haruffa suka fara ɓacewa, aka koma maɓallan lambobi goma, mutum ya danna uku a jere. Wurlitzer ya daina ƙera akwatunan a Amurka a 1974, yau kuma gilashi ake shafawa da yatsa. Tsofaffin sun koma hannun masu tara kayan tarihi, waɗanda ke biyan kuɗi mai tsoka don su same su da maɓallansu na asali.