Baburan Gudu da Dogon Zango: Tsakanin Kyan Gani, Halin Inji da Kuɗin Gyara

A shekarar 1976 ne kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da wani babur mai suna R100RS. Abin da ya ja hankalin mutane gare shi wata rigar roba ce da aka lulluɓe gabansa da ita tun daga fitila har ƙasan inji, wadda aka gwada a ɗakin gwajin iska kafin a ƙera ta. Mahayinsa yana iya sharara gudu a manyan titunan Jamus na tsawon sa'o'i, iska ba ta dukan ƙirjinsa, ruwan sama bai jiƙa shi sharkaf ba. Masu bin tarihin babura da dama daga nan suke fara ƙirga wannan dangi, wato babur ɗin da ya ɗauko kuzarin na tsere ya gama da haƙurin na dogon zango.

Gamin gambiza ne, kuma kowane kamfani da inda yake karkata. Shi ya sa mai niyyar saye yakan ruɗe, domin babura huɗu ko biyar za a jera masa da suna ɗaya, alhali halinsu ya sha bamban kamar na 'ya'yan kishiyoyi. Kuɗin da ake zubawa kuwa ba na wasa ba ne, ya isa sayen mota mai kyau. Wanda ya zaɓa da ido kaɗai, sau da yawa babur ɗin kan ƙare a lulluɓe da tamfol a bayan gida, yana jiran wani ƙarfe da za a yi odarsa daga ƙetare.

Ido ne dai ke fara ciniki, saboda haka da shi za a soma. Kawasaki Ninja 1000SX da Suzuki GSX-S1000GT duk sun fito da kamannin baburan tsere: hanci mai tsini, fitilu sirara kamar idon mai harara, jiki ya duƙa gaba kamar zai zabura. Suzuki ɗin ya ma fi tsaurin fuska, har wasu kan ce ƙwaro ya fi kama da shi. Yamaha Tracer 9 GT kuwa dogo ne, mahayi yana zama a miƙe kamar bisa kujera, hannuwan tuƙinsa masu faɗi. Ba zan ɓoye ba, a ganina shi ne mafi ƙarancin kyau a cikinsu. Sai BMW R 1250 RS, jikan wancan na 1976, wanda silindoji biyu suka ɓullo masa dama da hagu, siffar da kamfanin yake riƙe da ita tun 1923. Wannan injin ne ake kira Boxer, kuma suna kawai ya haɗa shi da Bajaj Boxer na 'yan acaɓa.

Sai dai siffar irin wannan babur tana da sakamako a jikin mai hawansa. Duƙawar da ta ƙawata Ninja da Suzuki a hoto, ita ce ke ɗora wa wuyan hannu da gwiwa nauyi bayan sa'a uku a kan hanya, ko da yake an sassauta ta ƙwarai in an gwada da baburan tsere na ainihi. Tsayin da ya rage wa Tracer kwarjini shi ne ke hutar da baya, ya kuma ba mahayi damar hango abin da ke gaban motar da yake bi. Illarsa ita ce gajeren mutum yakan sha wahalar dire ƙafa a ƙasa, kuma babur mai kilo 220 in ya fara rinjaya a tsaye, ba ya jin lallashi. Wanda zai riƙa ɗaukar iyalinsa a baya, ya kyautu ya je da ita ta zauna a kujerar kafin ya biya, don ita ce za ta faɗa masa gaskiyar da ɗan kasuwa ba zai faɗa ba.

Inji ne zuciyar maganar, kuma a nan ne alƙaluma suka fi yaudara. A takarda Suzuki ne a gaba da ƙarfin doki kusan 150 daga inji mai cc 999, wanda asalinsa na GSX-R1000 ne na 2005. Ninja na biye da kusan 140 daga cc 1,043. Dukansu silinda huɗu ne a jere, kuma halin irin wannan inji sanannen abu ne: santsi kamar an shafa masa man shanu, ba ya gardama ko an bar shi a babban giya cikin gari, sannan in an murɗa masa wuta ya haura sama sai ya rikiɗe ya yi wata ƙara mai kaifi. Abin da ake kuka da shi wani siririn kaɗawa ne da yakan ratsa hannu da ƙafa a wani matakin gudu, har yatsu su yi sanyi. Wasu kuma sukan ce santsin ya yi yawa, babu abin da mutum zai tuna bayan ya sauka.

Na BMW akasin haka ne. Manyan fistan biyu, cc 1,254, ƙarfin doki 136, amma ƙarfin jansa tun daga ƙasa yake zuwa, ba sai an tsananta masa ba. Mutum zai fito daga kwana a kan dutse, ya ɗan murɗa, sai ya ji kamar an tura shi da tafin hannu. A tsaye in an ba shi wuta yakan ɗan motsa gefe, abin da masoyansa ke ɗauka alamar rai, sabon shiga kuma ya ɗauka wani abu ne ya kwance. Tracer ya tsaya a tsakiya da silinda uku, cc 890, ƙarfin doki 119. Shi ne ƙarami a lissafi, amma ni shi na fi ba maki a nan. Yana da ja daga ƙasa kamar mai silinda biyu, yana da zafin sama kamar mai huɗu, ga wata murya mai gurnani da ba ta gundura. A hanyar da ta cika kwana, irin ta tsaunukan da ke tsakanin Ostiriya da Italiya, ƙarfin doki 30 da Suzuki ya fi shi ba shi da wurin da zai yi amfani.

Saura abin da ba a ɗaukarsa hoto. Bambanci na farko shi ne yadda ƙarfin inji ke kaiwa ga tayar baya. Kawasaki da Suzuki da Tracer duk sarƙa ce, BMW kuwa sandar ƙarfe ce a rufe, irin farfelar mota. Sarƙa tana son wanki da mai bayan kowane 'yan ɗaruruwan kilomita, tana son a riƙa ɗaure ta, kuma wata rana dole a sauya ta tare da haƙoranta. Aiki ne mai ƙazanta, musamman a kan Ninja da Suzuki da ba su zo da jakin tsakiya da zai ɗaga tayar baya ba. Amma sarƙa ba ta ɓoye ciwonta, kuma duk bakaniken da ya san babur zai iya da ita. Sandar BMW ba ta neman irin wannan hidima ta yau da kullum. Ranar da ta lalace kuwa, ranar ce mai ita zai san farashin hutun da ya sha.

Na biyu shi ne duba bawul. BMW na so a duba nasa duk kilomita 20,000, Suzuki 24,000, Yamaha da Kawasaki kuwa sai wajen 40,000. Wanda ya tsaya a nan zai ce na Jamus ya fi cin kuɗi, amma da sauran magana. Kawunan silindojinsa a waje suke, ana kwance 'yan kusoshi a ga bawul ɗin. A kan mai silinda huɗu sai an cire rigar roba, an ɗaga tanki, an fitar da akwatin iska, kafin a kai ga bawul 16, kuma yawancin ladan bakanike a wannan tone-tonen yake tafiya. Masu Honda VFR800, musamman ƙirar 2002 zuwa sama mai tsarin VTEC, sun san wannan ciwon. Babur ne da ake yabon ƙarkonsa da daɗin injinsa, amma duba bawul ɗinsa aikin yini ne. Kamfanin Ducati na Italiya ma, da aka daɗe ana tsoron kuɗin gyaransa, sai da ya ajiye tsarin bawul ɗin da ya yi suna da shi a injin Multistrada V4 na 2021, ya koma ga sifirin, tazarar dubawa ta kai kilomita 60,000.

Duk waɗannan alƙaluma an tsara su ne da titunan Turai da Japan a rai, inda dila yake kusa, man fetur kuma tsabtatacce. Masu shigo da irin waɗannan babura Abuja ko Kano ko Yamai, galibi na hannu, lissafinsu daban ne. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar sanfefa, matatar iska tana toshewa tun kafin lokacin da littafi ya faɗa, gurɓataccen mai kuma yana kashe famfon da ke cikin tanki. Tayoyinsu masu inci 17 da ƙarancin tazara daga ƙasa ba su san rami ba. Sannan sababbin cike suke da na'urori, wasu kurakuran ba a gano su sai an jona kwamfuta, kuma BMW ya fi sauran dogaro da wannan.

A irin wannan hali, da ni ne mai saye, tsohon Yamaha FJR1300 zan fara nema. Ya fito tun 2001, inji mai cc 1,298, sandar ƙarfe maimakon sarƙa, tanki mai lita 25, kuma 'yan sandan ƙasashe da dama, har da Faransa, sun yi shekaru suna aiki da shi. Nauyinsa ya doshi kilo 290, yana kuma hura wa ƙafa zafi a cunkoso, musamman ƙirar farko. In nauyin ya fi ƙarfin mutum, sai ya koma ga Tracer, ya sayi buroshi da gwangwanin man sarƙa tun ranar da ya karɓi makulli.